Tsagar da Ta Gitta Mataji

Ba a juya matakan tsanin ba. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Aikin Kawu a ɗakin gwaji shi ne ya ɗora kaya a injin eksire, ya rufe ƙofar dalma, ya danna maɓalli. A cikin injin akwai faranti masu layi-layi, layukan sun fi gashi siranta, ma'aikatan wurin suna ce musu mataji. Kayan kuwa matakan tsanin masu gyaran wayar lantarki ne, na zare da gam, mulmulallu, ba sa zama wuri ɗaya a kan tire. Da ya gaji da bin su, sai ya sassaƙa musu makwanci na katako, kowanne ya kwanta fuska ɗaya. Hotuna suka yi ta fita fes, ba tsaga ko ɗaya.

Ranar da Injiniya, shugabar ɗakin gwajin, ta dawo daga hutun haihuwa, idonta ya faɗa kan katakon.

"Kawu, yaushe ka koma kafinta?"

"Kyauta na yi muku, ranki ya daɗe."

"To ta yaya kake juya su a ɗauki hoto na biyu?"

Ta ciro mataki ɗaya da ya riga ya wuce gwaji, ta gicciya shi, ta ɗauki hotonsa. Allon ya cika da fararen tsagogi kamar saiwar ciyawa.

"Injin nan tsagar da ta bi layin matajin kaɗai yake gani," in ji ta a hankali. "Wadda ta gitta shi, makaho ne. Nawa suka fita?"

Kawu bai ji tambayar ba. Mijin 'yarsa yake tunawa, mai gyaran wayar lantarki, wanda ya zo yana tsokanarsa: "Baba, tsanin naku zai ɗauki tumbina kuwa?" Shi kuma ya bugi ƙirji ya ce da hannunsa ya duba.

Ya zaro waya, ya kira surukin. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Injiniya na can tana kiran kamfanoni a sauke kowa daga kan tsani.

Sai da ya kira na uku aka ɗauka. Ba muryar surukinsa ba ce. Ga hayaniyar titi, wani na cewa kada a ɗaga shi, a bar bayan yadda yake.

An dawo da tsanukan duka, ban da wanda ya karye da surukin. Surukin ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Kawu ne ke tura kekensa zuwa asibiti. Har yau yaron yana ce masa Baba. 'Yarsa ce ta daina.