Allurar Hancin Alhaji Lawan

"Kada ka yi atishawa, Alhaji," in ji Dakta Faruk, yana ɗaga sirinji sama yana ƙyasta shi da farce kamar yadda ya ga ana yi a bidiyo.

Alhaji Lawan ya runtse ido ya damƙe hannun kujera. Kujerar ta aski ce, an dai lulluɓe ta da farin ƙyalle. Ɗakin kuma a saman wani shagon ɗinki yake a Tarauni, har ana jin ƙarar kekuna daga ƙasa. Shi kansa Dakta Faruk, bara waccan caja da rigunan waya yake sayarwa. Ya je Dubai saro kaya, ya dawo da farar riga da wata takarda a cikin gilashi, shi ke nan unguwa ta samu likita.

Duk Gyadi-Gyadi ba wanda bai san Lawan dillalin motoci ba, sai dai in ka ce Lawan kawai za a tambaye ka wanne. Sai ka ce Lawan Hanci. Da aka zo rabon hanci faɗi aka ba shi, kuma ba a yi masa rowa ba. Da shi ake kwatancen garejinsa, da shi masu adaidaita ke sauke fasinja. Yana dariya idan aka faɗa, amma a ransa ya daɗe da yanke hukuncin mai laifi: Inna Asabe, mahaifiyarsa. Shi ne ɗan fari, kuma ya tabbata kunyar ɗan fari ce ta hana ta ja masa hanci a wurin wanka kamar yadda ake ja wa kowane jariri don ya yi tsini.

Abin bai tashi cizonsa da gaske ba sai da matarsa Zahra'u ta haifi 'ya mace. Yana tsaye bayan labule yana laluben takalmi ya ji 'yan barka.

"Wayyo, hancin uban ta kwaso kaf!"

"Kuma mace! Da namiji ne da sauƙi."

Suka tuntsire da dariya. Ya ji ciwon maganar har cikin ransa, ciwon da bai taɓa ji ba duk tsawon shekarun da ake tsokanarsa. A ranar ya samu Inna ya ce, "Ki ja mata da kyau, kada a yi mata sakacin da aka yi min." Inna ta dube shi ta ci gaba da matse tsumma.

Abdulmalik, maƙwabcinsa a sana'a, shi ya nuna masa hanya. Kwanaki hancin Abdulmalik ya miƙe ba gaira ba dalili, yana ce wa mutane azumin Litinin da Alhamis ne ya sa ya rame. Da Lawan ya tsare shi sai ya faɗi gaskiya: ba tiyata, ba yanka, ba ɗinki, allura ce kawai, kafin shayinka ya huce an gama. Gobe suna. Lawan yana so idan hotuna suka bazu a waya, a rasa wanda za a ɗora wa laifin hancin yarinya.

Allurar ta shiga. Wani zafi ya tsarga masa tun daga kan hanci har tsakiyar goshi.

"Wash! Dakta, haka yake yi?"

"Alamar orijina ke nan, Alhaji. Jabu ba ya zafi."

Aka miƙo madubi. Lallai karan hanci ya tashi, ya tsaya kamar na wani. Lawan ya juya dama, ya juya hagu, ya ga kansa kamar Bafulatani tun asali. Kan hancin ya ɗan yi fari, amma Dakta ya ce kyau ne yake zama. Ya kafa masa sharuɗɗa: ba dannawa, ba face majina, ba tabarau. Lawan, wanda ba ya karɓar mota ba takardu, ya ɗauki kwalin maganin ya jefa a aljihu. Ya ɗaura takunkumi ya sauko.

A gareji kowa ya tambaya, kowa ya samu amsa ɗaya: mura. Kafin azahar an rubuta masa citta, kanumfari, tafarnuwa da farfesun kan rago. Shi kuwa hanci sai zugi yake, kamar ana kiɗa a ciki.

Matsalar da Dakta Faruk bai koya a Dubai ba ita ce sallah. Lawan ya yi alwala a kaikaice, ya shiga sahu. Da aka kai sujada ya kafa goshi ya bar hanci a sama yana reto. Tsautsayi ya sa na gefensa Malam Ɗahiru ne, tsohon malamin makaranta, wanda ya fi kula da sallar jama'a fiye da tasa, kuma shi ne zai raɗa sunan gobe. Ana sallamewa ya taɓo gwiwarsa.

"Alhaji, da goshi da hanci ake sujada. Kai da Allah ya hore wa, wa kake bar wa?"

"Mura ce, Malam."

"Mura ba ta ɗauke hanci. Daure ka sake, ina nan."

Haka Lawan ya tashi ya sake, Malam yana zaune yana sa ido. Da hancin ya taɓa tabarma sai da ya ga wuta. Ya ƙarasa sallar hawaye na bin takunkumi. Malam Ɗahiru ya gyaɗa kai, yana ganin tsoron Allah ne ya ratsa bawan Allah.

Lawan ya shige wata mota da ke jiran mai saye, ya ja takunkumin ƙasa ya dubi madubi. Farin nan ya koma shuɗi-shuɗi, ya yi zane kamar raga, ya haura gefe. Ya taɓa ya ji wurin sanyi ƙalau. Ya kira Dakta Faruk.

"Ɗora ƙanƙara, Alhaji. Zuwa gobe kai da kanka za ka kawo min tukuici."

Ya aika aka sayo fiya wata mai ƙanƙara, ya kwanta a kujerar baya ya ɗora. Da ledar ta narke abin ya ƙara duhu. Ya sake kira, waya a kashe. Ya kira Abdulmalik.

"Ni dai nawa bai yi haka ba," in ji Abdulmalik. "Duk abin da za ka yi, kada ka ambaci sunana."

Tsoro ya kama Lawan sosai. Ya fito bakin titi zai tare adaidaita, don kada a ga motarsa a asibiti. Yana sa ƙafa sai ga Malam Ɗahiru ya shigo ta ɗaya gefen yana gyara babbar riga.

"Tun ɗazu nake ganin kana tangaɗi. Ba a barin mara lafiya ya tafi shi kaɗai."

"Malam, wallahi ba sai ka..."

"Lada nake nema, kada ka hana ni. Direba, mu je."

A ɗakin gaggawa aka sa shi a gado aka ja koren labule. Malam Ɗahiru ya samu benci a jikin labulen ya zauna, ana jin ƙas-ƙas ɗin carbinsa. Likitar da ta shigo Dakta Faith Yohanna ce. Iyayenta 'yan Filato ne, amma a Daurawa ta tashi, kuma a wurin Lawan babanta ya sayi tsohuwar motarsa.

"A'a, Baba Lawan! Kai ne? Cire takunkumin mu gani."

Ya cire. Murmushinta ya ɗauke.

"Me ya same ka?"

"Rina ce ta harbe ni."

Ta sa safar hannu ta danna kan hancin, ta saki, ta jira jini ya dawo. Bai dawo ba. Ta haska fitila ta ga 'yan ƙananan huji a jere.

"Wannan rinar ta iya layi," in ji ta. "Kana gani sosai da idanunka duka biyu?"

"Ina gani."

"To ka gode wa Allah. Baba, bari in gaya maka. In rina ce, zan ba ka ƙwaya ka tafi gida, nan da 'yan kwanaki wurin nan ya yi baƙi ya ruɓe, a yanke. In kuwa abin da nake zato ne, an tura shi cikin jijiyar jini ya toshe ta, naman yana mutuwa yanzu haka da muke magana. Jijiyoyin hanci suna haɗe da na ido, akwai waɗanda a kan kujerar suke makancewa. Wani irin yana da maganin da ke narkar da shi, wani ba shi da shi. Ba zan taɓa ka ba sai na san wanne ne."

Lawan ya dubi labule. A ƙasansa ga takalman Malam Ɗahiru, sun juyo suna fuskantar gado. Ya san bakin Malam. Abin da ya shiga kunnensa da la'asar, kafin isha ya kai Darmanawa. Ya auna hancinsa da mutuncinsa, ya ga duka biyun masu nauyi ne. Ya motsa leɓe a hankali.

"Ban ji ba, Baba. Ƙarar janareta ta yi yawa."

Ya sake raɗawa.

"Ka ɗaga murya, lokaci na tafiya."

"Allura aka yi min!" in ji Lawan. "Allurar gyaran hanci!"

Ƙas-ƙas ɗin carbi ya tsaya.

Ya zaro kwalin ya miƙa mata. Ta karanta, ta sauke numfashi.

"Ka yi sa'a, mai narkewa ne. Me ka sa a kai tun ɗazu?"

"Ƙanƙara."

"Ƙanƙara a jijiyar da ta toshe! Wa ya... bar shi kawai." Ta ja takarda tana rubutu. "Kuma Baba, allurar nan ba ta rage hanci, ƙari take yi. Kai da kake kukan ya yi yawa, ka je an ƙaro maka."

Maganin narkarwar ba kowane kyamis ke ajiye shi ba, sai an aika. Ta leƙa waje ta tambayi wanda ya zo da mara lafiya. Malam Ɗahiru ya miƙe tsaye kamar an kira shi karɓar lambar yabo. Ya karɓi takardar ya fita da sauri. Tsakani da Allah ya yi ƙoƙari, tsoho da shi, ya bi kyamis-kyamis a kan titin Zariya har ya samo. Sai dai duk inda ya shiga sai ya yi cikakken bayani, don a gane abin na gaggawa ne, har da sunan mara lafiya da kwatancen garejinsa.

Wanda ya gudu daga tiyata don tsoron wuƙa, ranar ya sha allura har ya daina ƙirgawa. A yi, a murza, a ɗora tsumma mai ɗumi, a jira, a sake. Yana ji yana gani karan hancin da ya yi rabin yini yana taƙama da shi ya narke ya kwanta. Can wajen yamma jini ya fara dawowa. Dakta Faith ta ce mafi yawa ya tsira, amma kan hancin zai bar tabo, kuma gobe ana gama raɗin suna ya dawo ta gani. Ta manna masa filasta fara fat a tsakiyar fuska.

Labari ya riga shi isa gida. Yana sallama matan da ke aikin abincin suna a tsakar gida suka yi tsit, kowacce ta duƙufa kan tukunyarta, kafaɗu na rawa. Zahra'u tana bakin ƙofar ɗaki. Ta dube shi, idonta ya yi ja, da alama ta yi kuka kafin ta fara jin haushi.

"Sannu, Alhaji. Ni da na aure ka da hancinka a haka, ka taɓa jin na kai ƙara?"

Ya wuce ciki inda yake jin kukan jaririya. Inna Asabe tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ta miƙe ƙafafu, ga baho yana tururi, jaririyar a kan cinyarta. Ta tsoma yatsu a ruwan ɗumi, ta kama ɗan hancin ta matse ta ja sama. Yarinya ta callara ƙara, fuska ta yi jawur.

Lawan ya tsaya yana kallo. Hancin nasa ne sak, ƙarami, shimfiɗaɗɗe, yana buɗewa yana rufewa da kuka, numfashi na shiga yana fita ba abin da ya tare shi. Tausayi ya kama shi, da kunya. Ya durƙusa ya riƙe hannun Inna.

"Inna, ki bar mata shi haka."

Inna ba ta kama sunansa, ba ta kuma cika haɗa ido da shi ba. Yau kam ta ɗago ta ƙare wa filastar kallo.

"Ba kai ka ce a ja ba? Ka ce an yi maka sakaci."

"Na janye."

Ta saki hancin, ta ɗebo ruwa ta zuba wa yarinyar a ƙirji. Kukan ya lafa.

"Sakaci," in ji Inna. "Kakarka ta ja da safe, ta ja da yamma, har aka yi arba'in. Ni ma in ba kowa a ɗaki sai in faki ido in ƙara." Ta naɗe jaririyar a tawul ta miƙa masa. "Wannan da ka tashi ka gani a fuskarka, ai bayan gyara ne."