Minti Biyun Genzo

Mu uku ne a ƙungiyar kiɗanmu, kuma mun shekara goma sha ɗaya tare ba wanda ya san da zamanmu in an fita daga garinmu Hakodate na ƙasar Japan. Ni Chizuru nake kaɗa jita. Tatsuhiko ke kan ganguna, shi ne kuma mai kula da na'urar ɗaukar sauti. Sai Genzo, mai busa saksofon. Ba mu da mawaƙi. Mukan faro kiɗa a hankali kamar masu tsoron tada wani daga barci, mu yi ta hawa har bango ya ɗau rawa, sannan mu lafa. A nan Genzo ke shigowa da busarsa ta jaz, wadda bai taɓa shirya ta ba, abin da ya zo masa shi yake busawa. Masu son kiɗan rok su ce jaz ya yi mana yawa, masu jaz su ce mu 'yan hayaniya ne. Su dai suka sani.

A wani tsohon siton busasshen kifi kusa da tashar jiragen ruwa muka ɗauki faifanmu na farko. Ƙa'idarmu ɗaya ce: kowa a ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya, makirufon kowa a buɗe. A tsakiyar kiɗan ƙarshe muka ware wa Genzo minti biyu.

Sau uku muka yi shi a ranar. Duk sanda muka iso gurbinsa sai ya kai saksofon bakinsa, ya rufe ido, shiru. A na uku na fusata.

"Kai Genzo, roƙonka kake so mu yi?"

"Bari sai gobe, Chizu. Yau abin bai zo ba."

"Bai zo ba? Motar haya ce da za mu zauna jiranta? Yatsuna har sun ɗaye, kai kana tsaye kamar falwaya. Rago kawai!"

Murmushi ya yi, ya shiga goge ƙarfensa da ƙyalle.

Goben nan ba ta zo ba. Da safe aka kwantar da shi a asibiti. Ashe ciwon huhu ne, tun bazara yake ɓoye mana. Sau biyu na je duba shi, muka yi hirar dusar ƙanƙara da abincin asibiti, na kasa buɗe baki in ce ya yafe mini. Cikin wata guda ya rasu.

Mahaifiyarsa ta roƙe mu abu ɗaya. Tana son a saka faifan a gaban hotonsa ranar cika kwana arba'in da tara, ranar da a al'adarmu ran mamaci ke barin gida gaba ɗaya. Ni ce na kafe sai an cike gurbin nan kafin ranar. Tatsuhiko ya riga ya kashe layin makirufon Genzo, tunda a ganinmu ba komai a cikinsa, amma duk sanda kiɗan ya lafa a wurin, muryata nake ji tana cewa rago. Na tsani minti biyun nan kamar in mutu.

Muka ɗauko tsoho Kusakabe, wanda ya koya wa Genzo busa. Ya zo da hantsi, ya karkaɗe hularsa, ya ƙi shayin da na miƙa masa.

"Ku buɗe mini layin yaron," ya ce.

"Baba, ai fanko ne," in ji Tatsuhiko.

"Na tambaye ka? Buɗe. Ina son in ji inda yake jan numfashi."

Aka buɗe. Da farko numfashi muka ji, wani irin ja mai kurman sauti da ya katse a rabi. Kamar a bayan kunnena yake. Sai wani ƙaramin sauti ya biyo baya, ƙwas, ƙwas-ƙwas.

"Ƙara masa ƙarfi," tsohon ya ce. Ya saurara har ƙarshe, ya juyo ya kalle mu kamar ya mare mu. "Wane sakaran ne ya ce muku bai yi busa ba? Maɓallan saksofon ɗinsa ne kuke ji. Kowanne in ya rufe yana da muryarsa. Yatsunsa sun yi aikinsu tsaf, iska ce babu."

Ya sa aka maimaita sau huɗu, yana motsa yatsu a kan gwiwarsa. Daga nan ya ɗauki nasa saksofon ya bi sawun ƙwas-ƙwas ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Busa ce mai sanyi, tana sauka inda jitata ke hawa, kamar an auna mini ita. Na zauna a ƙasa ina saurare.

Da ya gama ya dubi Tatsuhiko. "Ka ɗauka?"

"A'a, Baba, na manta."

"Madalla. Gurbin da mai shi." Ya mayar da ƙarfensa cikin akwati ya tafi abinsa.

Haka muka bar shi, sai dai mun ɗaga layin Genzo yadda kowa zai ji.

Ranar arba'in da tara, bayan an gama addu'a an kunna turare, muka saka faifan a gaban hoton. Dangi suka daure wa hayaniyarmu cikin ladabi. Da kiɗan ya lafa, ƙwas-ƙwas ɗin ya cika ɗakin, sai tsohuwar ta ɗago kai, leɓunanta suna bin sautin.

"Kin san shi ne, Mama?" na tambaye ta.

"Yo ba dole ba? Tun bazara kullum da safe sai ya yi wannan a ɗakinsa, iri ɗaya sak. Na ce ɗan nan, yaushe ka fara shirya busa? Ya ce wannan ta daban ce, Chizu ba ta son a zo mata ba shiri."

Na buɗe baki in faɗi abin da na kasa faɗa a asibiti. Ta ɗora hannunta a kan nawa.

"Yi shiru, 'yata," ta ce. "Bai gama ba."