Rabin Gemun Surukinsa

…kuma wai ya ja numfashi sosai. A nan? A bayan shagon askinsa, bisa kwatar da ta toshe, ruwan wanke kai ya taru ya yi kore, gashin mutane na yawo a sama, ƙudaje na biki? To, yana ja. Ta hanci, a hankali, ciki ne zai kumbura ba ƙirji ba, haka surukinsa ya koya masa. Warin na shigewa har ƙwaƙwalwa. Tir.

A ciki surukinsa na zaune kan kujera, tawul a wuya, rabin gemu a aske, rabi cikin kumfa. "Baba, bari in ɗebo ruwa." Abin da bakinsa ya iya haɗawa ke nan kafin ya fito. Ruwa — alhali ga bokiti cike a gindin madubi.

Reza na kan maƙogwaron tsohon abin ya zo. Kullum haka yake, ba sallama. Zuciya ta hau harbawa, yatsu su yi sanyi, shago ya matse, harshe ya bushe… ga jijiyar wuya na motsi ƙarƙashin kaifi. In hannu ya kuskure fa? Uban matarsa. Kakan 'ya'yansa. In ya kuskure —

A'a. Numfashi. Riƙe. Saki ta baki, kamar mai hura miya.

Kwanakin baya likita ya ba shi ƙwayoyi, 'yan ƙanana farare. Ko rabinsu bai sha ba matarsa ta tsince su a aljihun wando wajen wanki. Ba ta tambaye shi ba, gidansu ta kai. Surukin ya sa aka kira shi. "Ɗana, wanda ya fara wannan ya zama bawanta. Zauna in gaya maka abin da ake yi." Ya zauna a ƙasa, kai sunkuye, ƙato da shi, yana cewa to Baba, na gode Baba. Ya gode! Ƙwayoyin kuwa masai aka zuba su.

Ka daina shayi mai kauri. Ya daina, kansa ya yi ta sara kamar ana faskare a ciki. Ka riƙa tafiya da sassafe. Yana yi — tsakanin bola da karnuka, takalmi na kwasar abin da ba ya son sanin sunansa. Ka ajiye waya kafin barci. Ka watsa wa fuska ruwan sanyi. Ka sha na'a-na'a… matarsa na dafa masa kullum, ta tsaya a kansa har ya shanye, kamar an jiƙa man goge baki a kofi. "Yaya jikin?" Da sauƙi. Me zai ce? Kowa ya zama likita. Har Dogo mai gyaran waya na kusa da shagonsa: "Kai dai ka daina tunani, mutumina." Tunani riga ce da zai tuɓe ya rataye a ƙusa?

Abin da ya fi ba shi ƙyama, dabarun nasu na ɗan yin aiki. Ɗan kaɗan. Daidai yadda zai tashi ya buɗe shago, ya yi wa mutane murmushi, ya shafa kawunansu masu maiƙo da amosani, ya share gashinsu, ya shaƙe shi, ya tarar da shi a abincinsa. Daidai yadda za a ce, ka gani, ai mun faɗa maka. Bai warke ba, an dai koya masa ciwo ba tare da damun kowa ba.

Famfon bayan shago na ɗiga. Ya tara hannu, ya watsa a fuska. Ɗumi. Ko ruwan ma ya ƙi yin sanyi.

Bugun na raguwa… yana raguwa. Yatsu sun fara zama nasa. Kumfar ta bushe a fuskar tsoho yanzu, sai an sake. Zai shiga, ya ce famfo ne ba ƙarfi, ya ɗauki reza, ya —

Ta tsagar ƙofa yana hango madubi. Surukinsa bai san ana ganinsa ba. Idonsa a rufe. Goshi sharkaf da zufa, ga fanka na juyawa a kansa. Hannu ɗaya ya damƙe hannun kujera har jijiyoyi sun fito, ɗayan na ƙarƙashin tawul, bisa ciki. Yana ja ta hanci. Yana riƙewa. Yana saki ta baki, a hankali.

Ashe shi ma abin na zuwa masa. Ba yau ya fara ba. Mai koyo ba ya yi da kyau haka.

Tun yaushe? Tun kafin a haifi matarsa? Duk furfurar nan, a bayan ɗakuna, a bayan shaguna, bisa kwatocin wasu… ba wanda ya sani, ba wanda ya tambaya. Wannan ke nan warkewar da ake nufi?

"Ɗana?" Muryar ta fito daidai, ba ko gargada. "Ka samo ruwan?"

Ya dubi hannuwansa. Ba ya ɗauke da komai. Ya tura ƙofar, ya ce famfo ne ba ƙarfi…