Ɗan Kunne a Ƙarƙashin Kujera

Ikilima malamar firamare ce a Kurudu, amma albashi ba ya kai ta ƙarshen wata. Shi ya sa duk Asabar take zuwa Asokoro ta yi wa Hajiya Khairat shara da goge-goge, kuma da wannan aikin take riƙe 'yarta a makaranta.

Ran nan tana jan kujerar falo sai ga ɗan kunnen zinare a ƙasa, har da maɓallinsa a ɗaure. Ta taɓe baki. Ɗan kunnen da ya faɗo daga kunne ai ba ya ɗaure kansa. Wato matar da ba ta iya wanke kofin da ta sha shayi, ita ce za ta auna amanar mutane! Idan ta ɗauka ta miƙa, ta yarda ke nan ita abar zargi ce.

Sai ta share falon tas, ta bar dattin da ke kewaye da ɗan kunnen, faɗin faranti.

Hajiya ta sauko, ta nufi wurin kai tsaye.

"Ikilima, nan fa? Ba ki gani ba ne?"

"Na gani, Hajiya. Tarko kika ɗana, ban so in ɓata miki."

"Ni kike gaya wa haka? To kada ki sake tako gidan nan."

Ikilima ta jingine tsintsiya, ta yafa mayafinta. Tana kallo Hajiya ta durƙusa da ƙyar, tana nishi, ta tsinci zinarenta cikin datti. Tunda take zuwa gidan, yau ta fara ganin matar ta sunkuya.