Gaisuwar Mai Sulke

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da tsohon direban, kalma ɗaya tak ta rage masa a baki: "To." Mutumin da a da idan ya soma zuba a tasha sai an roƙe shi ya numfasa, yanzu duk abin da ya tattaro a zuciya, zagi ne ko addu'a, da ya iso leɓe sai ya fito "To." Abin haushin kuma, babu kalmar da ta kai ta daɗi a kunnen mai jinya. Baba, ka ƙoshi? To. A rufe taga? To. A kyautar da tsofaffin takalmanka? To. 'Yan dubiya har yabonsa suke yi, wai ciwo ya koya masa haƙuri. Shi kuwa ji yake kamar ya shaƙe su da hannun hagun da ya rage masa.

An kafa masa gado a falo, jikin tagar da ke duban titi. Daga nan yake ganin mai faci yana jiƙa tayoyi a baho, yana jin manyan motoci suna sauya giya a hawan da ke gaban gidan, yana tsine wa masu ƙona kuloci a ransa. Idan titi ya yi shiru sai ya juya ga talabijin.

Akwai wani shiri da ya daɗe yana so, tun yana kan ƙafarsa, labarin wani jirgin sararin samaniya da ya ɓace tsakanin taurari yana neman hanyar gida. Ɗansa, wanda ba a raba shi da son faranta wa uban, ya samo masa faya-fayan shirin, irin waɗanda ke ɗauke da sharhin waɗanda suka shirya shi. Hoto yana tafiya, su kuma tsofaffin 'yan wasan suna hira a kansa suna tona asirin juna. Nan direba ya sami abin duniya. Ashe taurarin da ake hangowa ta gilashin jirgin baƙin ƙyalle ne aka huhhuda da allura aka sa fitila a baya. Ƙugin injin da ya sha rantsewa dizal ne, ashe wani tsohon firji aka kanga wa makirufo. Yakan yi dariya da rabin baki har miyau ya zubo, surukarsa ta ajiye dutsen guga ta zo ta goge masa, ta koma bakin aikinta. A falon take guga kullum don kada a bar shi shi kaɗai, kuma ba mai yawan magana ba ce.

A cikin 'yan jirgin, wanda ya fi so shi ne Mai Sulke, wani ƙato mai gadi da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Ba ya magana. Idan ransa ya motsa sai ya dunƙule hannun hagu ya daki ƙirji, wai gaisuwar mutanen duniyarsu ke nan. Duk gidan sun san gaisuwar, har yara suna yi wa juna.

Wata safiya ɗan ya durƙusa a gaban gadon kafin ya tafi aiki. Ya yi bayani a hankali, cikin ladabi: ƙurar titi ta yi yawa, hayaniya tana hana Baba hutawa, baƙi ma ba su da wurin zama. Ɗakin ciki ya fi kusa da banɗaki, ga sanyi, ga shiru. Direba ya san ɗakin sarai, shi ya gina shi. Tagarsa ba ta duban komai sai katangar maƙwabci, wadda ko ƙadangare ba ya so ya hau.

"Baba, ranar hutu sai mu mayar da kai can, ko?"

Tsohon ya tara duk ƙarfinsa. Ya ji a'a ɗin ta taso daga ciki, ta hau maƙogwaro, ya riƙe ta da kyau kamar yadda yakan riƙe sitiyari a gangara.

"To," ya ce.

Ya yi ƙoƙarin girgiza kai, amma wuyan nan kullum a karkace yake yana rawa, ba wanda ke karanta komai a cikinsa. Ɗan ya gode masa, ya gyara masa filo, ya fita da farin ciki. Tsoro ya kama direba, irin wanda bai ji ba ko ranar da birki ya tsinke masa da cikakken lodi.

Ana jibi hutun, faifan ya kai wani kashi da aka gayyato mutumin da ya sa sulken. Muryar wani dattijo ce mai yawan tari da raha. Ya ce sulken nan roba ce mai kauri, maɓallanta a baya suke, shi kaɗai ba ya iya fita. In ya yi ihu a ciki ba mai ji. Ranar da aka fara ɗaukar shirin, zafin fitilu ya sa numfashinsa ya soma ɗaukewa, ya riƙa dukan ƙirji don a zo a ɓalle shi. Mai ba da umarni ya gani ya yi tsalle, ya ce wannan gaisuwa ta yi, a bar ta. "Shekaru ina cewa ku fitar da ni," in ji dattijon, "jama'a suna rama mini gaisuwa." Abokan hirarsa suka fashe da dariya.

Direba bai yi dariya ba. Ya dubi hannun hagunsa da ke kan bargo. Can gefe, surukar ta tsaya da dutsen guga a sama na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da gugar rigar mijinta.

Ranar hutu aka tashi da aiki. Ɗan ya share ɗakin ciki, ya ja wayar talabijin zuwa can, ya ɗora uban a keken guragu, ya kwance gadon ya shigar. Falo ya yi fayau, sai sawun ƙafafun gado a kan leda. Da ya kama keken ya juya shi ya ba taga baya, direba ya dunƙule hannu ya daki ƙirjinsa. Ya sake. Ya sake, har haƙarƙarinsa ya amsa.

Ɗan ya leƙo fuskarsa, ya washe baki. "Kun ga Baba da gaisuwar Mai Sulke? Jiki ya fara kyau ke nan." Ya ƙame, ya daki nasa ƙirjin, ya rama gaisuwar da zuciya ɗaya, ya ci gaba da turawa. Ƙofar ɗakin tana matsowa, ana hango katangar ta tagar. Tsohon ya saki hannun ya faɗi kan cinyarsa. Ya gaji, kuma ya san ko ya yi kuka za a ce daɗin kulawa ne ya sa shi hawaye.

Keken ya tsaya cak. Surukar ce ta sa ƙafa a gaban taya, filon Baba rungume a ƙirjinta. Ba ta saba katse mijinta a gaban mahaifinsa ba.

"Baban yara, ba gaisuwa ba ce. Na ji mutumin ya faɗa da bakinsa."

Mijin ya tambaye ta wane mutum. Ta tsuguna a gaban keken, ta dubi surukinta ido da ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo gidan.

"Baba, in ba ka son ɗakin nan, sake bugawa."

Ya buga.

Ɗan ya saki keken. Ya tsaya yana duban uban, direba yana ganin tambayoyin da aka yi ta yi masa tun kwanciyarsa suna dawo wa yaron ɗaya bayan ɗaya, abincin da aka ɗauke, tagar da aka rufe, takalman da aka kyautar. Ya durƙusa kusa da matarsa, ya ce:

"Baba... a mayar da kai bakin taga?"

"To," in ji direba.

Ɗan bai motsa ba. Idonsa yana kan hannun hagun, yana jira ya ga ko zai tashi.