Tsiryar Baffa Lawan

"Zo mana, 'yar albarka! Zo ki ci!" in ji Baffa Lawan, ya cusa hannu cikin keji, gero cike da tafinsa.

Tsuntsuwar ta yi tsalle ta maƙale a ƙuryar keji tana fuffuka kamar an watsa mata ruwan zafi. Geron ya warwatse. Baffa ya janye hannu, tari ya sarƙe shi, sai da maƙwabcinsa Uwaisu ya riƙe masa kafaɗa.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ana wannan dambe. 'Yar tsirya ce shuɗiya, irin ƙananan nan na ƙasar waje, ba ta cika tafin hannu ba. Asabe, 'yar Baffa da ke aure a Zawaciki, ita ta sayo masa ranar da asibiti suka sallamo shi, suka ce huhu ya gama aiki, a koma gida a yi ta addu'a. Shekara talatin da biyu ya yi yana shaƙar ƙurar auduga a wata masaƙa a Sharada. Masaƙar ta daɗe da mutuwa, ta bar masa tari. Yanzu burinsa guda ne, kuma babu wanda bai sani ba a gidan hayar: kafin ya tafi, tsuntsuwar nan ta sauka a yatsansa.

Uwaisu, maƙwabcinsa ɗaki da ɗaki, mai aiki a kamfanin roba, ya ɗora wa kansa abin kamar shi aka aika. Ya canza gero, ya kawo latas, ya ɗauke keji daga bakin taga saboda rugugin tireloli. Duk a banza.

"Baffa, a hankali za ku riƙa yi mata magana!"

"To ai a hankali nake yi!"

"Ku ƙara sassautawa!"

"Ka ce me?"

Asabe ta ɗaga labule da kwanon kunu a hannu, ta tsaya tana kallonsu.

"Wai faɗa kuke yi ne? Tun daga bakin titi nake jiyo ku."

"Faɗa kuma? Lallashin tsuntsuwa muke yi," in ji Uwaisu.

"Lallashi? Malam Uwaisu, wallahi ihu kuke yi ku biyun. Baba kam mun saba, tun muna yara haka yake. Kai ma inji ya cinye maka kunne ba ka sani ba. Ni da nake mutum gabana faɗuwa yake, balle wannan 'yar mitsitsiya."

Gaskiya ta faɗa. Wanda ya shekara yana magana a gaban inji, muryarsa ba ta san hanyar saukowa ba, kuma rabin mazan gidan haka suke, ko gaisuwar safe sai ka ce kiran fasinja a tasha. Shi ya sa babu wanda ya lura.

Baffa ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Marigayiya innarku ma haka na riƙa yi mata?"

Asabe ta sunkuyar da kai. "Inna ta san ba faɗa ba ne, Baba."

Ranar bai sha kunun ba.

Daga nan ya shiga koyon magana kamar yaro. Zai fara ƙasa-ƙasa, kafin kalma ta uku murya ta haye, tsuntsuwa ta birkice. In ya yi shiru, tari ya tona masa asiri. Uwaisu kuwa ya rasa sukuni. In yana kamfani hankalinsa na gida, in yana gida ya kasa zama, ya leƙa ya fita, ya leƙa ya fita, takalmi a hannu don kada ya yi motsi.

Cikin mako guda muryar Baffa ta fara dushewa, sai tsiryar ta soma saukowa tsakiyar keji tana karkata kai tana kallonsa. Wannan ne ya fi ci wa Uwaisu rai. Duk ƙarfin da tsohon ya rasa, tsuntsuwar matsowa take yi, har ya rasa wace addu'a zai yi.

Ranar Laraba Uwaisu yana aikin safe. Kafin ya fita ya leƙa, Baffa ya nuna masa keji da haɓa. Uwaisu ya rufe taga, ya buɗe ƙofar kejin, ya zuba wa Baffa gero a tafin hannu. Leɓunan tsohon suka motsa. Uwaisu ya kai kunne dab da bakinsa, bai ji komai ba, ya gyaɗa kai kawai.

A kamfani ya ɓata bokiti bakwai, shugaban layi ya yi masa tas. Ƙarfe biyu na yi ya faɗa adaidaita sahu, suka maƙale bayan wata tirela da ke juyawa a ƙofar sito. Ya diro ya ƙarasa da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu.

Asabe na tsakar gida tana wanke kwano.

"Barci yake yi," ta ce. "Ban so in tashe shi ba."

Uwaisu ya ɗaga gefen labule. Hannun Baffa na miƙe bisa bargo, tafin a buɗe, tsiryar tsaye a kan yatsansa tana ɓare gero. Daɗi ya cika Uwaisu har ya kusa ƙwala wa Asabe kira. Sai idonsa ya kai kan ƙirjin tsohon. Ya jira bargon ya ɗaga. Ya ƙara jira.

Ko Baffa ya ji saukar waɗannan ƙananan farata, ko kuwa sai da ɗakin ya yi tsit gaba ɗaya ta zo, Uwaisu bai sani ba, kuma babu mai gaya masa. Hawaye suka zubo masa. Ya yi salati can ƙasan maƙoshi, shi kansa bai ji ba.

Tsuntsuwar ta ɗago ta dube shi, ta gyara tsayuwa, ta ci gaba da cin geronta.