Bas Bakwai Zuwa Tsafe

Ni na yi kuskuren, kuma har yau Yaya Bara'atu ba ta bari in manta, alhali ita ta fi kowa cin ribarsa.

Ina aiki a shagon buga takardu a Gusau, shi ya sa da bikin Halimatu Sadiya ya matso aka ɗora mini rubuta masu rakiyar amarya daga Bungudu zuwa Tsafe. Halimatu ɗiyar marigayiyar ƙanwarmu ce, Yaya ta raine ta tun tana rarrafe. Ita kuwa uwar ango, Hajiya Uwani, an kawo mana labarin ta taɓa cewa yarinyar dai ba laifi, sai dai danginta ba su cika tabarma ɗaya ba. Maganar nan ta tsaya wa Yaya a rai. Tsoronta kada a kai marainiya gidan da za a ga ba ta da kowa, a riƙa taka ta yadda aka ga dama.

Na buɗe jadawali a kwamfuta, kowane gida da layinsa da yawan matan da zai bayar. Na gama gidajen Bungudu na sa ƙaramar jimilla a ƙasansu, talatin da huɗu. Haka na yi wa sauran: na Gusau ashirin da biyu. 'Yan garin Magami da za su same mu a tashar Gusau, bakwai. Daga nan, don gwaninta, na ja layin tun daga sama har ƙasa na ce kwamfuta ta ba ni babbar jimilla. Ta ba ni ɗari da ashirin da shida.

Da na faɗa wa Yaya a waya sai da na janye wayar daga kunnena saboda guɗa. Ba ta tambayi inda muka samo su ba, ni ma ban tambayi kaina ba, daɗi ya rufe mana ido. Nan take ta kira Hajiya Uwani cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ta ce don Allah a yi haƙuri da mu, mun ɗan yi yawa, a ƙara shinkafa. Sannan ta sa Malam Labbo direba ya nemo bas bakwai masu cin mutum goma sha takwas.

Ranar kai amarya muka baro Bungudu da hantsi, kowace mace ta miƙe ƙafa a kujera biyu, muna cewa ai Gusau za a cika. A tashar Gusau kowa ya shiga, har 'yan Magami, bas uku suna tsaye babu kowa ciki sai direbobi. Yaya tana ta leƙen hanya. Malam Labbo ya karɓi takardar daga hannuna, ya bi ta da ɗan yatsa, sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

“Malama Safiya, wagga talatin da huɗu da kika rubuta ƙasan Bungudu, ita ma kujera za ta zauna?”

Sai a lokacin na gani. Kwamfuta ta tara gidajen, ta zo kan ƙananan jimillolin ta tara su su ma, don ban ce ta tsallake su ba. Kowace mace an ƙirga ta sau biyu. Mu sittin da uku ne. Kunya ta kama ni, amma dariya ta fi ƙarfina, na durƙusa gefen mota ina yi hawaye na zuba.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta nufi ɗan kamashon da ke kiran Tsafe, ta ce duk macen da ke jiran mota ta zo ta shiga kyauta, ga abinci in an isa, sharaɗi ɗaya ne, ta yi guɗa. Kafin rabin awa motocin sun cika. Akwai mai daddawa, akwai mai buhun barkono da ya sa bas guda atishawa, akwai wata tsohuwa, Iya, da kaza a hammata. Aka koya musu sunan amarya a hanya. Tun kafin mu bar gari sun fi mu iya waƙar, wata har tana share hawaye wai yarinyar a hannunta ta girma.

Abin da bai zo wa kowa a rai ba shi ne, mai jiran motar Tsafe yawanci 'yar Tsafe ce. Muna tsayawa ƙofar gidan ango, Hajiya Uwani ta fito da fara'arta ta manya tana ƙirga motoci da ido. Sai fara'ar ta tsaya. Ga mai kitsonta tana saukowa. Ga matar mai gyaran injin markaɗensu. Ga Iya da kazarta, wadda ashe katanga ɗaya ta raba gidajensu. Na ji Yaya ta damƙe hannuna.

“Iya, mi ya kai ki cikin dangin amarya?” in ji Hajiya.

Iya ta miƙa wa wata mata kazar, ta je ta kama hannun Halimatu da ke lulluɓe tana kuka.

“Cikin motarsu na taho, Hajiya, da bakina na yi mata guɗa tun daga Gusau. Yau ɗiyata ce. Waɗanga za su koma Bungudu da la'asar, ni kuwa ina nan bayan katanga, kuma kin san kunnena lafiya lau yake.”

Matan Tsafe suka ɗauki guɗa gaba ɗaya. Hajiya Uwani ita ma dariya ta ƙwace mata, ta ce a shigo da amarya. Yaya ta saki hannuna ta juya wa mutane baya, tana kuka da gefen mayafi a baki.